Farar Fata a Gaban Alƙali: Ƙarar Wariya Ta Kowa Ce Ko Ta Wasu?

Akwai tambayar da ta daɗe tana tayar da jijiyar wuya a Amurka, wadda idan mutumin ƙasar nan ya ji ta karo na farko sai ta ba shi dariya: shin Bature farar fata yana da hurumin zuwa kotu ya ce an nuna masa wariyar launin fata? Ai wannan, in ji wani, tamkar kura ce ta kai ƙarar akuya. To amma kada mu yi saurin dariya, domin tambayar tamu ce, riga kawai ta sauya. A nan gida cewa muke yi: shin ɗan Kudu yana da bakin cewa tsarin raba daidai ya zalunce shi? Shin baƙo yana da haƙƙin kai ƙarar ɗan gari? Amsar da muka bayar ga ɗaya ita ce za ta ɗaure mu a kan sauran.

Bari mu fara da inda maganar ta samo asali. A shekarar 1964 Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin jama'a, wadda ta haramta wa mai ɗaukar ma'aikata nuna bambanci saboda launin fata, addini, jinsi ko asali. Kowa ya san baƙaƙen fata ne suka zubar da jini da gumi kafin a samu wannan doka. Sai dai masu rubuta ta ba su ambaci baƙi ko fari ba, cewa suka yi "kowane mutum". A 1976 aka gwada nauyin waɗannan kalmomi a shari'ar McDonald. An zargi ma'aikata uku na wani kamfanin dakon kaya a birnin Houston da ɗauke wasu kayan da aka ba kamfanin amana, aka kori fararen biyu, aka bar baƙin a bakin aikinsa. Kotun Ƙoli ta ce fararen suna da damar kai ƙara. Wanda ya rubuta hukuncin kuwa shi ne Mai Shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya hau kujerar wannan kotu, kuma lauyan da ya jagoranci shari'ar da ta rushe wariya a makarantun gwamnati a 1954. Ba za a ce mutum irin wannan bai san zafin wariya ba. Abin da ya hango shi ne, dokar da ta zaɓi waɗanda za ta kare, wata rana za ta zaɓi waɗanda za ta yasar.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1978 Allan Bakke ya yi nasara a kan Jami'ar Kalifoniya, kotu ta soke ware ƙayyadaddun gurabe bisa launin fata a tsangayar koyon likitanci. A 2009 ma'aikatan kashe gobara na birnin New Haven, galibinsu farare, suka kayar da hukumar birnin wadda ta yi watsi da sakamakon jarrabawar ƙarin girma don gudun a ce baƙaƙe ba su samu shiga ba. A watan Yunin 2023 kotun ta hana Jami'ar Harvard da ta Karolina ta Arewa la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Sannan a watan Yunin 2025, a shari'ar Ames, alƙalan tara baki ɗaya suka ce ba za a ɗora wa mai ƙara ƙarin nauyin hujja don kawai ya fito daga ɓangare mai rinjaye ba. Ƙarar ba ta launin fata ba ce, amma ƙa'idar ta shafe shi, kuma Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson, mace baƙar fata ta farko a kotun, ita ta rubuta hukuncin.

Sai dai damar shigar da ƙara daban, cin shari'a daban. A Afirka ta Kudu, wata jami'ar 'yan sanda farar fata, Renate Barnard, ta zo ta ɗaya a tantancewar ƙarin girma amma aka hana ta muƙamin saboda tsarin daidaita ma'aikata. An saurare ta tun daga ƙaramar kotu har zuwa Kotun Tsarin Mulki, wadda a 2014 ta yanke hukuncin da bai yi mata daɗi ba, domin sashe na 9 na tsarin mulkin ƙasar ya yarda a ɗauki matakan ɗaga waɗanda mulkin wariya ya danne. Ke nan ƙasashe biyu sun yarda farar fata ya shiga kotu, amma sun rabu a kan abin da zai fito da shi.

To mu fa? Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan Najeriya, ko a fifita shi, saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, wurin asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, sashen ɗan ƙasa ya ambata, don haka Baturen da ya zo aikin kwangila ba zai jingina da shi ba, amma Kwaran da aka haifa a Kano kuma yake da shaidar zama ɗan ƙasa yana da shi daidai da kowa. Baƙon ma ba a bar shi haka nan ba, domin Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar gida a 1983, ta ambaci launin fata ƙarara, kuma "kowane mutum" ta ce. Na biyu, sashen bai ce ƙananan ƙabilu kaɗai ba. Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da Batibe duk inuwa ɗaya suka shiga.

Matsalar ita ce kundin nan guda yana ɗauke da sashe na 14 (3), wanda ya wajabta a raba muƙaman tarayya ta yadda wasu jihohi ko ƙabilu ba za su mamaye ba. Wannan manufa ta shiga tsarin mulki tun 1979, aka kafa mata hukuma ta musamman a 1996. Dalilinta sananne ne. Boko ya riga ya kafu a Kudu shekaru da dama kafin ya samu gindin zama a Arewa, kuma ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa a 1970 tana tsoron a bar wani yanki a baya. Daga wannan tunani aka samu tsarin shiga jami'o'in tarayya da ya ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi.

Mu ma muna da Bakke ɗinmu. A 1988 wata yarinya 'yar asalin Jihar Ogun ta zauna jarrabawar shiga kwalejojin tarayya, ta ci maki mai yawa, amma ba a kira ta ganawa ba, alhali an kira yaran wasu jihohi da ba su kai ta ba. Mahaifinta ya shigar da ƙara a madadinta, wato shari'ar Badejo. Babbar Kotu ta ce ba ta da hurumi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tana da shi, amma lokaci ya ƙure domin an riga an kammala ɗaukar ɗalibai. Kafin Kotun Ƙoli ta rufe maganar a 1996, shekara takwas sun shuɗe, ba tare da an taɓa zuciyar tambayar ba. Sai a 2014, a ƙarar da babban lauya Olisa Agbakoba ya shigar, Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce bambanta makin shiga bisa jiha ya saɓa wa sashe na 42. Abin da ya tunzura ƙarar shi ne jadawalin 2013, inda aka nemi maki 139 daga yaron Anambra, aka nemi maki 2 daga yaron Yobe. Duk da haka, a shekarun da suka biyo baya ma'aikatar ilimi ta ci gaba da ware wani kaso na gurabe da sunan daidaita jihohi.

A nan ne nake son mu 'yan bokon Arewa mu gaya wa kanmu gaskiya. Duk lokacin da irin wannan ƙara ta taso, sai mu ce hassada ce, ko ƙiyayya ga Arewa. Amma sashen da yarinyar Ogun ta riƙe, shi ne dai Bahaushen Jos yake riƙewa idan aka hana shi takardar shaidar zama ɗan asali a garin da aka binne kakansa. Mun ga abin da wannan rigima ta ɗan gari da baƙo ta jawo a 2001 da 2008 da 2010. Shi ne kuma sashen da Kotun Ƙoli ta dogara da shi a 2012, lokacin da ta soke umarnin gwamnatin Jihar Nasarawa na mayar da ma'aikatan ƙananan hukumomi zuwa ƙananan hukumominsu na asali. Ba zai yiwu mu ɗaga sashe na 42 a Jos, mu danne shi a Kano ba. Wanda ya yi shuka a gonar wani ya san ranar da za a ce ya tashi, haka wanda ya gina haƙƙinsa a kan hana wani nasa.

Harshenmu ma yana tona mana asiri. Kalmar "baƙo" a Hausa tana nufin wanda ake yanka wa kaza, tana kuma nufin wanda ba shi da ta cewa a gari. Magabatanmu ma'anar farko suka rinjayar. Ku dubi sunayen unguwannin birnin Kano: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Dandalin Turawa inda fataken Larabawa suka zauna tun kafin zuwan Ingilishi, a zamanin da kalmar "Turawa" take nufin su. Duk waɗannan baƙi ne da suka zama 'yan gari, jikokinsu su ne Kanawan yau. Takardar asali ta ƙaramar hukuma ita ce ta zo ta daskarar da abin da a da yake gudana kamar ruwa.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: wa yake cin gajiyar wannan rangwame da muke karewa da dukan ƙarfinmu? Mu leƙa yankin Watari a ƙaramar hukumar Bagwai, inda gona ke manne da gona, ƙauye ke hango ƙauye, manoma na noman damina sannan su koma na rani a ƙarƙashin madatsar ruwa. Ɗan manomin da ke wannan yanki da ɗan babban sakatare da ke unguwar Nasarawa a cikin birni, a takarda duk "ɗan Jihar Kano" ne, gurbi ɗaya suke nema. Ɗaya yana makarantar kuɗi, da malamin gida, da kwamfuta. Ɗayan kuwa safiyarsa a aji, yammacinsa a fadama yana ban ruwan tumatir da albasa, mai yiwuwa ma ba a taɓa gaya wa mahaifinsa akwai wata jarrabawa ta shiga kwalejin tarayya ba. Da sunan talaucin na biyu aka sassauta maki, amma na farko ne yake shigewa. Idan har akwai wanda ya cancanci kai ƙara a wannan lamari, to ɗan Watari yana sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa da yarinyar Ogun.

Ba ina cewa a rushe tsarin raba daidai da dare ɗaya ba ne. Giɓin da ya haifar da shi gaskiya ne, kuma ƙasa mai ƙabilu sama da 250 ba za ta zauna lafiya ba idan ofisoshinta suka zama na yanki guda. Masu cewa cancanta kaɗai ta isa sun manta cewa ba a tseren gaskiya tsakanin mai doki da mai ƙafa. Amma sandar da aka ba mara lafiya don ya dogara, idan ya shekara fiye da 40 bai ajiye ta ba, ya kamata a binciki likitan. Kuma darasin Amurka shi ne, duk tsarin da ya dogara da asali kaɗai, ran da kotu ta juya masa baya zai faɗi gaba ɗaya, ya bar waɗanda suka jingina da shi a tsakiyar rana.

Saboda haka shawarata uku ce. Ta farko, a sauya ma'aunin rangwame daga "wace jiha ka fito" zuwa "wace irin makaranta ka yi, a wace ƙaramar hukuma, kuma mene ne ƙarfin iyayenka". Wannan zai kai taimakon ga ɗan Bagwai da ɗan ƙauyen Ebonyi a lokaci guda, kuma zai fi tsayawa a gaban alƙali. Ta biyu, wakilanmu a Majalisar Tarayya su goyi bayan gyaran da zai ba wanda aka haifa a wuri, ko ya daɗe yana zaune yana biyan haraji, cikakken haƙƙin ɗan gari. Babu al'ummar da za ta fi Hausawa amfana da wannan, domin babu kasuwar da ba mu da zango a cikinta, daga Sabo ta Ibadan har zuwa Fatakwal. Ta uku, gwamnoninmu su mayar da hankali kan firamare, domin maki 2 ba gata ba ne, shaidar gazawar masu mulki ce.

Hanyar kotu kuwa a buɗe take fiye da zamanin Badejo. Ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun hana a kori irin wannan ƙara da hujjar rashin hurumi, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da ikon sauraren ƙorafin wariya a wurin aiki. Ƙararrakin za su zo, daga Kudu da kuma daga cikin gidanmu. Gara mu gyara da hannunmu tun kafin a gyara mana, kuma mu yarda cewa alƙali ba launin mai ƙara ko garinsu zai duba ba, abin da aka yi masa zai duba. Allah Ya ba mu ikon yin adalci ko da a kan kawunanmu ne.