Kitsen da ke kare mutum daga sammore, yake kuma barazana ga ƙoda

Duk wanda ya taɓa yin gwajin kitsen jini ya san yadda likita kan yi murna idan ya ga sinadarin HDL ya yi sama, domin shi ake kira kitse mai kyau. Sai dai binciken da aka yi cikin shekarun nan ya nuna aikinsa bai tsaya ga share jijiyoyin jini ba.

HDL kan kwashe kitsen da ya taru a jikin ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye cututtuka, abin da ke rage musu zafin kai, kumburi ya lafa. Yana kuma kama gubar da wasu ƙwayoyin cuta ke saki cikin jini.

Misali mafi kusa da gida shi ne sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, wadda ake nazarinta a cibiyar binciken ciwon barci da ke Kaduna tun zamanin Turawa. Nau'in da ke kashe saniya ba ya kama makiyayinta. A 2003 masana a Beljiyam suka gano dalili: wani sinadari mai suna APOL1 da HDL ke ɗauke da shi ne yake fasa ƙwayar cutar.

Amma kariyar tana da tsada. A 2010 aka gano cewa wasu nau'o'i biyu na APOL1, masu ƙara kariya daga ciwon barci, suna lalata ƙoda. Wani bincike kan mutane sama da 8,000 a Nijeriya da Ghana, wanda aka wallafa a 2024, ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari sun gaji nau'o'in daga uwa da uba.

An fi samun wannan gado tsakanin Yarbawa da Igbo, lamarin da ya sa batun ya shafi unguwannin kudancin kogin Kaduna irin su Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha, inda masaƙu suka tara ma'aikata daga sassan ƙasar, aka kuma yi auratayya.

Gwajin kitse da aka saba yi ba ya nuna nau'in APOL1 da mutum ya gada. Abin da ke hannun talaka shi ne awon hawan jini da gwajin fitsari, waɗanda kan tona ciwon ƙoda tun kafin a kai ga wankinta.