Littafin Kyauta Bai San Hanyar Agege Ba

A shekarar 2015 hukumar agaji ta ƙasar Amurka, watau USAID, ta soma wani shiri na koyar da karatu a makarantun furamare na Jihohin Bauchi da Sakkwato. A ƙarƙashinsa aka buga littattafan nan na Mu Karanta da Hausa, domin 'yan aji ɗaya zuwa uku. A Katsina da Zamfara kuwa, kuɗin Ingila ne, ta hannun UNICEF, ya ɗauki nauyin shirin RANA. Aiki ne na alheri, ba wanda zai musa.

Sai dai shi mai kyauta da taswira yake aiki. Yakan zaɓi jiha, ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatinta, ya raba littattafai iyakar kan iyakarta. Saboda haka yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko a Sabon Badun, ko Sabon Shagamu, bai taɓa shiga lissafi ba. Jihar da iyayensa suka baro ba ta ƙirga shi. Wadda yake zaune a ciki kuma tana da nata harshen, har Jihar Ikko ta kafa doka a 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta, kuma ba ta yi laifi ba, gidanta take gyarawa. Ga yaro yana Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a aji, amma harshen da ya fi ji duka bai taɓa ganinsa a rubuce ba.

Wanda ke jiran wata rana rabon ya gangaro Kurmi, to ya daina jira. A 2025 Gwamnatin Amurka ta rushe USAID ɗungurungum. A watan Nuwamban shekarar kuma Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwar soke manufar koyarwa da harshen uwa, aka koma ga Turanci.

Wasu iyaye za su ce ai ta kwana gidan sauƙi, dama Turanci ne ke ba da aiki, me karatun Hausa zai tsinana wa ɗan Ikko? Amsar ita ce, sau ɗaya yaro ke koyon haɗa baƙi da wasali a duniya. Idan da harshen da yake ji ya koya, da zarar ya haɗa "ra" da "go" sai ya ga rago a zuciyarsa, ya gane rubutu magana ce. Idan kuwa da harshen da bai ji ba ne, sai ya yi ta haddar sauti kamar aku. Rubutun Hausa kuma kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba kamar na Turanci ba mai baƙaƙen da ba a furtawa. Wanda ya iya na farko, na biyun zai zo masa da sauƙi. Mutanen da suka tashi da Ka Koyi Karatu suka zarce Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, Turancinsu bai gurgunce ba.

Abin mamaki shi ne, jama'ar zango ba matsiyata ba ne. Fataken shanu da na goro da 'yan canji sun gina masallatai, suna biya wa mutane kujerar Makka, kuma kusan kowace unguwa tana da Islamiyya wadda su ke da iko da ita. Sa'a guda ta karatun Hausa a Islamiyya ba ta bukatar iznin minista.

Littattafan an riga an rubuta su. Abin da ya rage shi ne Sarakunan Hausawa su rubuta wa Ma'aikatun Ilmi na Bauchi da Sakkwato su nemi iznin sake bugawa. Maɗaba'u kuwa ga su nan birjik a Shomolu, kuma kuɗin sa guda a mayankar Oko-Oba ya isa ya wadata aji da littattafai har a sami ragowa. Sharaɗi ɗaya ya kamata a gindaya wa kowane shugaban makaranta: kada ya kulle su a kabad don tsoron yagewa. A rubuta sunan yaro a bango, a ba shi ya tafi da abinsa gida.