MASHI DA GARKUWA: INA YA KAMATA ƊAN WASA YA ZUBA MAKINSA?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi a hukumance, ya bi ta wajen masu sayar da kayan lantarki, zai tarar da samari suna cinikin na'urorin wasan kwamfuta. Galibinsu wasan ƙwallo suke nema, amma akwai waɗanda suka fi son wasannin yaƙi, watau irin waɗanda ɗan wasa yake gina jarumi nasa na kansa, kamar Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022, waɗanda kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar. A cikinsu, duk lokacin da jarumi ya hau mataki, sai mai shi ya zaɓi inda zai ƙara masa maki: ko a ƙarfin sara, ko a yawan rai, ko a juriya. Sabon shiga kan kwashe makin duka ya zuba a sara, yana ganin kariya aikin matsorata ce. Wannan kuwa kuskure ne babba.

Dalili na farko shi ne, waɗannan wasanni an gina su ne a kan koyo. Babban abokin gaba, wanda samari suke kira bos, yana da salon kai hari, kuma ba a gane salon sai an daɗe a gabansa. Jarumin da bugu ɗaya yake kashewa ba ya samun wannan dama. Bugu da ƙari, a Elden Ring dukiyar da ake sayen mataki da ita takan zube a inda mutum ya faɗi, in kuma ya sāke mutuwa kafin ya koma ya ɗauka, ta tafi ke nan. Ashe mai garaje asara biyu yake yi, ga ta lokaci, ga ta dukiya. Ba banza ba Bahaushe ya ce garaje ba ƙarfi ba ne.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Sabon Gari, domin a unguwar ne gidan dambe na dandalin Ado Bayero yake. Ɗan dambe yakan naɗe hannu guda da zare, shi ne mashinsa. Ɗayan kuwa ya miƙa shi gaba a buɗe, shi ne garkuwarsa. Ɗan kallo naɗaɗɗen hannun yake kallo, amma masani ya san cewa da garkuwar ake auna tazara, da ita ake tare naushi, da ita kuma ake buɗe kafar da kisa zai bi. Wanda ya saki garkuwa ya auka, da wuya ya ga turmi na biyu.

Sai dai mai ja zai ce, ai wanda ya tsaya kare kai ba ya cin wasa. Lalle yana da gaskiya, kuma tarihin Kano yana bayansa ta wani fanni. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi yana tare kibiya, amma yana nauyaya doki, shi ya sa rundunar Hausa ba ta taɓa zama 'yan lifidi zalla ba. Akwai barade masu sauri, akwai 'yan baka. Haka abin yake a Elden Ring: in kayan jarumi suka wuce kashi 70 cikin 100 na abin da zai iya ɗauka, gocewarsa takan yi nauyi. Sa'an nan juriyar da ake sara da ita, ita ce garkuwa take ci, in ta ƙare sai kariyar ta karye.

Saboda haka, daidaitawa ba raba maki biyu daidai wa daida ba ce. Abin da ya dace shi ne ɗan wasa ya fara tara ran da zai ɗauki kuskure biyu ko uku, ya sa sulken da ba zai hana shi gocewa ba, ya nemi ƙarfin sara ta wajen kai makaminsa ga maƙeri, wanda a farkon wasa ya fi ƙarin maki amfani. Bayan ya gane salon abokin gaba, sai ya karkata sauran makin ga mashi.

A taƙaice, kariya ba ta kashe abokin gaba, amma ita ke raya jarumi har ya kai ga kashe shi. Saurayin da ya sayo na'urarsa a Sabon Gari, in ya rasa mai koya masa wannan, sai ya taka zuwa gidan dambe da yamma, ya zuba wa hannun da ba a naɗe ba ido.