Lissafin yankin da'ira ba sai da Faransanci ba

Tun da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, Hausa ta zama harshen ƙasa, wasu 'yan boko suka tono tsohuwar maganarsu: wai a yi hira da tatsuniya da Hausa, amma lissafi sai da Faransanci. Ban yarda ba, ko kaɗan.

Ku dubi ɗan koleji daga Gidan Sori ranar da mushe ya zo kan yankin da'ira. An rubuta ƙa'ida a allo, ya kwafa, ya haddace, bai san me ake aunawa ba. Alhali yaron nan ya ga manoma na haƙa rabin wata a fako don tare ruwan sama. A kafa turke, a ɗaura igiya mai mita 2, a zaga rabi. Digiri 180 ke nan cikin 360. A ninka 3,14 da 2, a sake ninkawa da 2, a raba biyu, an samu murabba'in mita 6,28. In rubu'i aka zaga, digiri 90, sai a raba huɗu. Darasin gaba ɗaya ke nan: kason kusurwarka cikin 360 shi ne kasonka cikin filin da'ira. Wane yaro ne zai kasa gane wannan da harshen uwarsa, igiya na hannunsa?

Za su ce Hausa ba ta da kalmomin. Da'ira fa? Kusurwa fa, da rubu'i, da sulusi? Wannan ba hujja ba ce, ƙyuya ce.

Abin da ke ƙona mini rai, ba yau aka fara koyarwa da Hausa ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram. Shekaru suka yi ta wucewa ana kiranta gwaji, domin masu riƙe da ofisoshi a Yamai 'ya'yansu da Faransanci suke tashi a gida, ba abin da ya dame su. Ɗan manomin Gidan Rumji ko Gazawa kuwa jarrabawa biyu yake yi a takarda ɗaya ranar BEPC, jarrabawar ƙarshen koleji: ya fara kokawa da harshen tambaya, kafin ya kai ga lissafin lokaci ya ƙare. Sai a ce ba ya da kai.

A rubuta littafin lissafi na koleji da Hausa, a horar da malamai a kansa, a buga tambayoyin BEPC da harsuna biyu.