Ɗan kwaɗo baƙo ne, ba ɗan gida ba

Da damina, in Gulbin Maraɗi ya kawo, tafkuna sukan cika da ƴaƴan kwaɗi, tun daga Jiratawa har Tibiri. Yara da yawa sukan kama ɗaya, su sa shi cikin gwangwani, su ce za su yi kiwonsa. Bayan kwana biyu sai su zo suna cewa: "Mushe, ya ƙi cin abinci." A ganina, kama shi don a duba shi ba laifi ba ne. Laifin shi ne a riƙe shi har ya mutu.

Me ya sa yake ƙin ci? Da farko, kwaɗo ba ya cin tuwo, ba ya cin gero. Abin da yake motsi kaɗai yake kamawa: ƙuda, sauro, gara ko ƙaramar tsutsa. In kun aje masa mataccen ƙuda, ko kallonsa ba zai yi ba. Na biyu, abincin kada ya fi tsakanin idanunsa girma. Na ukku, in da sauran wutsiya a jikinsa, kada ku damu. Jikinsa ne yake shanye wutsiyar, ita ce abincinsa na ƴan kwanakin nan. Na huɗu, tsoro. Kwaɗon da ake ɗauka a hannu kullum ba ya sakewa ya ci.

Gwangwani kuma ba ɗaki ba ne. Ƙarfe yana zafi a rana, kwaɗo kuwa ta fatarsa yake shan ruwa. In fatar ta bushe, ya mutu. Ku samo tsohuwar tukunyar ƙasa, ku zuba jiƙaƙƙen rairayi, ku sa ganye inda zai ɓuya. Ku aje kasko da ruwa kaɗan, ruwan sama ko na rijiya, wanda sabulu bai taɓa ba. Ku rufe bakin tukunyar da guntun gidan sauro, ku aje ta a inuwa. Da magariba za ku ba shi abinci, don da dare yake farauta. In kun taɓa shi, ku wanke hannu.

Wani zai ce: "In na sake shi, maciji ko shamuwa za su cinye shi." Gaskiya ne, yana yiwuwa. Amma a bakin tafki yana da wurin gudu, yana da abinci iri-iri. Cikin tukunya ba shi da kowa sai kai, kai kuma kana lakkwal tun da safe.

Ku tuna kuma aikin da yake yi. A garakan Jiratawa, kwaɗi suna cinye ƙwarin da ke ɓata tumatir da albasa, ba a biyan su ko dala.

Saboda haka ga shawarata: kwana ukku sun isa. Ku dube shi da kyau, ku ƙidaya yatsunsa, ku zana shi cikin littafinku. Ran na ukku da marece, ko ya ci ko bai ci ba, ku maida shi daidai inda kuka kamo shi.