CACA CE, KO DA AN KIRA TA ƘWAREWA

Ya 'yan'uwa Musulmi, wata fitina ta kutso garuruwanmu na noman rani, daga Kura har Bunkure. Saurayi zai sayar da shinkafar da ruwan Tiga ya shayar, ya duƙufa kan waya yana zaɓen 'yan ƙwallon Ingila, a tara kuɗi, wanda 'yan wasansa suka fi maki ya kwashe duka. In an yi masa nasiha sai ya ce ai wannan sani ne da lissafi.

Shubuhar ma aro ya yi. Da ita kamfanonin DraftKings da FanDuel na Amurka suka kare irin wannan zaɓe na kullum a wasanni kamar besbol, amma a 2015 babban lauyan jihar Niyu Yok ya ce caca ce.

Mu kuwa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta ishe mu. Maisir shi ne a zuba dukiya, a rataye ta ga abin da babu mai iko da shi, wani ya ci da asarar wani. Ɗan wasa ya karye a minti na 5, ina lissafin ya tafi? Suna cewa wai noma ma kasada ne. Subhanallah! Manomin da ya yi asarar tumatir bai cika aljihun maƙwabcinsa ba, in kuwa ya samu, al'umma ce ta ci.

Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma wannan shagon a aljihu yake. Iyaye su tambayi 'ya'yansu inda kuɗin rani ya shiga.