Idan Soja Na Buga Tamaula, Mu Me Zai Hana Mu?

Akwai iyaye da yawa a ƙasar Zurmi waɗanda ke ganin wasan ƙwallo shiririta ce, aikin yaron da ba ya son karatu. Wasu malamai ma, da zarar jarrabawa ta ƙarato, abin da suke fara yankewa shi ne lokacin wasanni. Ni kuwa ra'ayina ya sha bamban, kuma shaiduna mutane ne da ba wanda zai kira su 'yan shiririta, wato sojoji.

Da farko mu dubi Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA. An kafa ta a 1964, kuma daga cikinta hafsoshin sojan ƙasa da na ruwa da na sama suke fitowa. An raba ɗalibanta bataliya-bataliya kamar yadda aka raba mu gida-gida, akwai Mogadishu da Dalet da Abyssinia da Burma, sunayen wuraren da sojojinmu suka fafata a Yaƙin Duniya na Biyu. Bataliyoyin nan sukan kara da juna a wasanni, har da ƙwallon ƙafa. To, makarantar da ɗalibinta ke tashi tun da asuba, ya yi fareti, ya shiga aji, ya koyi sarrafa bindiga, don me za ta ɓata lokaci a kan ƙwallo in ba ta ga amfaninta ba?

Ba a Nijeriya kaɗai ake yin haka ba. A Amurka akwai makarantar hafsoshin sojan ƙasa a West Point, da ta sojan ruwa a Annapolis. Tasu ƙwallon daban ce da tamu, siffar ƙwai gare ta, ana runguma a ruga da ita, amma su ma mutum 11 ne a kowane ɓangare. Tun 1890 makarantun nan biyu suka fara karawa, kuma wasansu na watan Disamba shi ne babban wasan shekara a wurinsu. Janar MacArthur, da ya shugabanci West Point daga 1919 zuwa 1922, shi ya tilasta wa kowane ɗalibi shiga wasanni.

Ku dubi abin da ya faru a 2024. Duk wanda ya gama West Point sai ya yi aikin soja na shekara 5, saboda haka samari masu burin yin kuɗi da ƙwallo ba kasafai suke zuwa can ba. Duk da haka, a wasanni 14 na wannan shekara sun ci 12, sun kuma ɗauki kofin rukuninsu. Horo da haɗin kai suka ba su wannan nasara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma da suka gamu da 'yan Annapolis, sai aka lallasa su da maki 31 da 13. Abin da ya fi burge ni shi ne al'adarsu ta bayan wasa. 'Yan wasan duka biyu sukan tsaya tare a rera taken makarantar da aka cinye, sannan na wadda ta ci. Mu kuwa sau nawa wasan unguwa ya ƙare da jifa da zagin alƙalin wasa? Wanda ya koyi haɗiye kaye yana ɗan shekara 16, ba zai ɗauki adda don an ɓata masa rai yana ɗan 30 ba.

Na san iyayenmu suna da dalilansu, kuma ban raina su ba. Na ɗaya, tsoron rauni. Gaskiya ne ana jin ciwo. Eisenhower ya ji rauni a gwiwa a 1912 yana buga wa West Point, har ya bar wasan, amma hakan bai hana shi zama janar ba, ya kuma zama shugaban Amurka a 1953. Na biyu, karatu. Maganin wannan mai sauƙi ne: a kafa doka, duk wanda ya faɗi gwaji ba zai sa rigar gidansu ba sai ya gyara. Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne tsaro. Tun da aka sace 'yan mata a makarantar Jangebe a 2021, har aka rufe makarantun kwana, ba uban da hankalinsa zai kwanta a ce an ɗebi ɗansa a mota zuwa Shinkafi ko Ƙaura Namoda don wasa. Ni ma ban nemi haka ba yanzu.

Roƙona ƙarami ne. A ba mu yammaci biyu a mako, daga bayan la'asar zuwa kafin magariba, a cikin harabar makaranta. A tsara gasa tsakanin gidaje tun daga farkon zango, malami ya riƙe usur, a rubuta sakamako a allon sanarwa. Ƙwallo biyu da farar ƙasa ta shata fili sun isa. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, sai mu nuna mun cancanta, mu bar faɗa, mu riƙe littafi.

Ya ku iyayenmu, da yawa daga cikinmu muna burin shiga soja don mu kare garuruwanmu, kuma ba a shiga NDA sai an ci gwajin ƙarfin jiki bayan na takarda. Yaron da ya shekara 6 daga aji sai ɗakin kwana, ina zai sami wannan ƙarfi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya nuna mana ranar da za mu tafi Ƙaura mu ɗauko kofi, amin.